Dogon Burodin da Na Riƙa Kai wa Inna

Daga Allah muke, kuma can za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Inna ta riga mu ranar wata Laraba da hantsi, a ɗakinta na Bagudo, bayan doguwar jinyar ƙari a ƙaramin hanji. Kafin azahar an kai ta makwancinta. Kafin la'asar gida ya cika, har sai da aka ari tabarmin maƙwabta.

Ni ce 'yarta ta fari. Na faɗi haka tun da wuri ne domin masu zuwa gaisuwa kamar sun manta. Mace za ta yi sallama, ta tuɓe takalmi, ta dube ni ta ce, "Sannunmu da haƙuri," sannan ta wuce ƙuryar rumfa inda Autarmu take zaune, ta durƙusa, ta kama hannuwanta biyu ta fashe da kuka. "Wayyo ɗiyar Inna! Ke kinka yi rashi. Wa za shi riƙe ki yanzu?" Autar nan fa 'ya'yanta huɗu, babbar har ta fara sa hijabi. Matan ruga masu kawo nono sun zo sun yi mata tasu gaisuwar da Fulatanci, suna shafa mata kai. Dandawa masu kifi sun zo daga bakin kogi, su ma wurinta suka nufa. Wata tsohuwa da ba ta gani sosai ta dafa ni ta ce, "Ke halan dangin mijin Auta ce?" Na ce mata eh, don ban da ƙarfin bayani.

Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, kishi nake ji. Uwata tana kwance cikin ƙasa, ni kuma ina zaune ina lura da hannu nawa aka miƙa wa ƙanwata. Na san ba kyau. Na yi istigfari, na sake yi, abin bai tafi ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta Inna yadda na san ta, kada a bar labarinta a bakin Auta kaɗai.

Inna mace ce mai kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, wadda ta gada wurin uwarta Bafulatana, ta kuma ƙara da tata. Ana yaye ni Gwaggo ta ɗauke ni zuwa Zagga, can na girma, can aka yi mini aure. Ban taɓa ce mata Inna a gabanta ba. Adda nake ce mata, yadda ƙannenta suke kiranta. Ita kuwa sunana bai taɓa fita daga bakinta ba, ko da kuskure. "Ta Zagga" take ce mini. In na shigo gida sai ta duƙufa kan abin da ke gabanta, ta yi magana da duk wanda yake kusa: "A tambayi ta Zagga ko ta ci abinci." Wata rana na iske ta ita kaɗai a tsakar gida, ba kowa sai akuya ɗaure a turke. Wallahi akuyar ta duba ta ce, "An sha hanya. Ga hura can cikin ƙwarya." Na sha furar ina dariya, amma da na hau babur zan koma sai da na share hawaye da bakin mayafi.

Auta kuwa a kan gadon Inna take kwanciya ta miƙe ƙafa. Kwano ɗaya suke ci. Ta ce mata, "Inna, miyar ga ba gishiri," Inna ta ce, "To tashi ki yi taki, uwar iyayi." Su yi ta cacar baki kamar ƙawaye. Da Auta ta yi aure ma ba ta yi nisa ba, katanga ɗaya ce tsakaninsu, har ƙofa aka huda. Kowa yana cewa ai haka al'ada take, ɗan fari na dangi ne, auta na uwa. Na sani. Sanin bai taɓa rage mini komai ba.

Sana'ar Inna turara shinkafa. Duk wanda ya bi layinmu da safe ya san ƙamshin, ya san tukwanen nan biyu baƙaƙe da shanyar da take yi a kan tabarmi tana korar kaji da kara. Hausa, Fulatanci, Dandanci, duk tana ji, shi ya sa in rigima ta tashi tsakanin mai nono da mai kifi a bakin kasuwa wurinta ake kawo su. Ba ta yin dogon wa'azi. Ta saurari wannan, ta saurari waccan, ta zuba musu kunu, ta ce su sha tukuna. Kuma tana da magana ɗaya da kowa ya san ta da ita. Ko wane irin labari aka kawo, ruwa ya ci gona ne, saniya ta ɓata ne, an kama wa wani kaya a hanya ne, sai ta ce, "Allah shi kyauta. A ɗora tukunya." Ranar da Baba ya rasu ma an ce haka ta faɗa, bayan ta gama kukanta.

Lokacin da aka rufe bodar Benin, wasu mata uku 'yan ƙetare da suka zo cin kasuwa suka rasa hanyar komawa. Ba ta san su ba, ba ta san iyayensu ba. Ta share musu ɗakin ajiyar shinkafa, suka yi kwanaki tana ciyar da su, ta ba ɗaya zanenta. Na zo na iske tana ce wa ƙaramarsu, "Ɗiyata, ƙara tuwo." Ɗiyata! Matar da ta sani kwana huɗu. Na gaishe su sama-sama na fita, har yau ban san da wace fuska suka tuna ni ba.

Ni a Kaoje nake aure, ina ɗan fataucin atamfa da sabulu. Ina bin kasuwar Tsamiya, wani lokaci in leƙa cikin Benin in saro kaya. Tun da na fara samu nake kai wa Inna tsaraba, kuma tun daga nan na gane wani sabon ciwo. In na kai atamfa, bayan sati biyu zan gan ta a jikin Auta. In na kai sabulu mai ƙamshi, maƙwabta ne za su yi ta yi mini godiya. Ba ta iya sa abin 'yar fari a jikinta mutane su gani su ce, "Wa ya saya miki?" ta rasa amsa. Na kai takalmi, na kai turare, na kai bargo. Duk sun bi hanya ɗaya.

Sai wata rana na sayo dogon burodin nan na Benin, mai ɓawo da tauri, wanda ake ɗaurewa a bayan babur kamar itace. Don yara na saya, na ajiye ɗaya a bakin ƙofarta kawai. Da na dawo ɗaukar mayafina sai na hango ta ta labule, ta juya baya, tana tsoma shi cikin ruwan shayi tana ci. Na koma da baya a hankali don kada ta san na gani. Ranar na yi ta murna har mijina ya tambaye ni ko riba na ci. Burodi ba a ɗaura shi, ba a rataya shi, ana ci ya wuce ba wanda ya gani. Shi kaɗai ne abin da za ta iya karɓa daga hannuna. Daga ranar, duk zuwan da zan yi Bagudo, da burodi biyu nake ƙetare gadar kogi.

Inna ta daɗe ba ta da lafiyar ciki. Tun muna yara ake cewa cikinta ba ya riƙe abinci. Kumburi, zawo, kasala, jini ya yi ta ƙaranci. An ce basir ne, an ce shawara ce, an ce taifod, ta sha jiƙo da sassaƙe har ba iyaka. Da ramar ta yi yawa Auta ta kai ta babban asibiti a Sakkwato. Ni ba a ma gaya mini za a tafi ba, sai da suka dawo na ji. Na tambaya, Auta ta ce, "Olsa ce, an ba da magani." Na ce Allah ya sawwaƙe, na ajiye burodina na tafi.

Ba olsa ba ce. Abin da likita ya gaya musu, wanda ni ban ji ba sai bayan shekara uku, shi ne hanjin Inna ba ya shiri da alkama. An zura mata siririyar roba mai ido ta baki, an gutsuro ɗan naman hanjin an duba. Ya ce duk lokacin da ta ci abin da aka yi da alkama, jikinta da kansa yake tasar wa hanjin, ya goge shi, abinci ya riƙa wucewa ba ya zama jini. Ya ce ba allura, ba ƙwaya, maganin ɗaya ne: ta bar alkama har abada. Ba burodi, ba taliya, ba fanke, ba cincin, ba ɗanwaken da aka sa wa fulawa, har dunƙulen miya na kanti sai an duba. Auta ta koma yi mata girki da daddawa zalla, ta ware mata tukunya da muciya. Shinkafa da gero da dawa ba su hana ta komai, kuma su ne abincinmu, don haka ba wanda ya lura. Inna ta fara murmurewa, kumatu suka ɗan fito. Sai dai duk bayan zuwana takan kwanta kwana biyu tana murƙususu. Ni ina Kaoje, ban taɓa ganin wannan ba.

Abin da na gani shi ne Auta ta fara tare ni a zaure. "Kawo in kai mata, Yaya, tana salla." Wata rana ta ce tana barci. Na fara zargi. Ran nan na yi kamar na tafi, na dawo, sai ga burodina a hannun 'ya'yan maƙwabta suna rabo, guntun kuma a gaban akuya. Jinina ya hau. Na shiga na sami Auta a bakin murhu.

"Ke, mi na yi miki? Gado naki, kwano naki, hira taki. Abu guda ɗai da tsohuwar ga ka amsa daga hannuna, shi ma sai kin raba mu da shi?"

"Yaya, ba haka na ba."

"To yaya na? Hwaɗi in ji!"

Ta buɗe baki, ta dubi ƙofar ɗakin Inna, ta rufe. Na ce mata baƙin ciki ne, na ce mata ta cinye uwa ita kaɗai ba ta ƙoshi ba. Na faɗi maganganun da ko a takardar nan ba zan maimaita ba. Sai labule ya motsa. Inna ta fito, ba ta dube ni ba, ta miƙa wa Auta hannu ta ce, "Ɗauko wanda ya rage." Akwai ɗaya a cikin buhuna. Auta ta ce, "Inna, don Allah." Ta ce, "Nic ce ki ɗauko." Ta zauna a kan turmi, a tsakar gida, da rana tsaka, ta karya shi ta fara ci a gabana. Ba ta taɓa cin ko gyaɗa a gabana ba. Ta ci fiye da rabi, ba ruwa, ba shayi, tana haɗiya da ƙyar. Auta ta juya ta shiga gidanta tana kuka.

Ni kuwa daɗi na ji. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai yanzu. Na koma Kaoje ina jin yau dai an raba gardama, an nuna wa Auta iyakarta. Na ƙara yawan burodin, ya koma uku.

Bayan kamar shekara ciwon ya dawo da wata fuska. Ciki ya riƙa murɗa mata ba dare ba rana, abinci ya ƙi zama, ta zube har zobe yana faɗuwa daga yatsarta. Ranar da cikin ya toshe gaba ɗaya tana ta amai, ba a iya ɓoye mini ba, tare muka tafi Sakkwato. Aka yi hoto, aka shiga da ita tiyata, aka yanke wani yanki na ƙaramin hanjin. Da likitan ya fito ya tambayi wace ce babba. Karon farko ke nan da wani ya nemi babba a kan maganar Inna, na miƙe da sauri har ina tuntuɓe.

Ya ce sun sami ƙari, kuma irin mai yaɗuwa ne, ya riga ya taɓa wasu wurare. Ya ce ba kasafai ake ganin irinsa a ƙaramin hanji ba, amma yakan fi samun masu irin cutarta, musamman wanda ya daɗe ba a gano ba, ko wanda bai samu ya kiyaye ba. Sannan ya ce, "Tana dai kiyaye alkamar ko?"

Na ce, "Wace alkama?"

Ya dube ni, ya dubi Auta. Auta ta sunkuyar da kai. A tsaye ya yi mini bayanin da aka yi musu shekara uku da suka wuce. Ina ji ina ganin buhuna a bayan babur. Na ce, "Likita, burodi fa? In mutum yana ci duk sati biyu?" Ya ce ko kaɗan ne yana ɓata hanjin. Na ce, "To shi ya kawo ƙarin?" Ya ce ba wanda zai iya rantsuwa a kan haka, ta yi shekaru masu yawa da cutar kafin a san da ita, mai yiwuwa abin ya soma tun can. Mutumin kirki ne. Na lura dai bai ce a'a ba.

Na ja Auta zuwa gindin wata bishiya a harabar asibitin. Ban yi ihu ba. Na ce, "Shekara ukku kina kallona ina kawo mata guba?"

Ta ce, "Rantsuwa ta sa ni, Yaya. Tun cikin mota, ran da munka baro nan. Na yi mata magiya ta bari in gaya miki, ki riƙa kawo lemu ko ayaba. Tac ce lemu rabawa za a yi, kowa shi gani. Tac ce, 'In kinka hwaɗa mata, kunya za ta kama ta, ta bar kawowa. In ta bar kawowa, da mi za ta riƙa zowa?'"

Na zauna a ƙasa. Wato Inna ta san ba don kasuwa nake biyowa ta Bagudo ba. Ta san komai. Kuma duk wannan sanin, da tsoron kada in daina zuwa, Auta ta gaya wa. Ko a wannan lokacin, ina kuka, wani ɓangare na zuciyata yana cewa: ita aka zauna da ita a mota aka yi wa wannan maganar.

Aka sallamo mu. An yi maganar ƙarin magani, jikinta bai iya ɗauka ba, ita ma ta ce a mai da ita ɗakinta. Na bar kasuwa na tare a Bagudo wata huɗu. Na zo jinya, amma jinyar ba ta zama tawa ba. In za a juya ta, Auta. In za a canza mata zane, sai ta yi wa Auta ido, Auta ta ce, "Yaya, ɗan ba mu wuri." Ni ce mai daka garin shinkafa, mai dama kunu, mai wanke kwanoni. In kai kunun bakin ƙofa, Auta ta karɓa ta ba ta a baki. Ina jin su ta labule suna ƙus-ƙus, wani lokaci har da 'yar dariya.

Wata safiya na kasa daurewa. Na durƙusa a bakin ƙofar na ce, "Adda, ki yahe mani. Ban sani ba." Can na ji muryarta, ta yi siriri ƙwarai: "Auta, ce ma ta Zagga ba ta yi komi ba. Ce mata ta tashi daga ƙasa, akwai sanyi." Taku uku ne tsakanina da gadonta. Na so ta ɗaga labulen nan ta dube ni, ta kira ni yadda ake kiran mutum, sau ɗaya tak. Na tashi na koma kan turmina.

Allah ya jiƙan Inna. Allah ya sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi, ya ba ta ladan duk bakin da ta ciyar, ya yafe mini abin da na kai mata da hannuna ina murna. Wanda ya karanta wannan, in yana da tsoho mai ciwon cikin da ya ƙi jin magani, ya kai shi a duba da wuri, kuma ya tambayi likita da bakinsa abin da aka hana shi ci. Kada ya tsaya jiran a gaya masa.

Ranar Larabar, da rai ya yi halinsa, a hannun Auta ya yi. Ina tsakar gida ina tace kunu na ji salatinta. Tsofaffin unguwa biyu masu wankan gawa suka iso da bokitai da likkafani. Na ɗauki tabarmata zan koma zaure, don na san ba wurin 'yar fari ba ne. Sai Auta ta fito, idanunta jawur, ta riƙe mini zane.

"Yaya, ina za ki? Ke za ki yi mata wanka. Tac ce su tsaya su nuna miki, amma kada hannun kowa shi taɓa ta sai naki."

Tsofaffin suka dubi juna, ɗaya ta ce ba a saba ba, amma wasiyya wasiyya ce. Na shiga. Na wanke uwata. Ban taɓa sanin tana da tabon ƙuna a kafaɗa ba, ban san ƙafafunta irin nawa ba ne sak, har lanƙwasar ƙaramin yatsa. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na yi a hankali, na daɗe, har ɗaya tsohuwar ta ce maza suna jira.

Da aka fita da ita na sami Auta a bayan ɗaki. Na ce, "Yaushe ta hwaɗa miki?"

"Tun watan jiya."

"Ta Zagga tac ce?"

Auta ta girgiza kai. "Sunanki ta kira, Yaya. Har sau biyu. Na zaci ban ji daidai ba, ta sake."

Shekara hamsin ina jiran wannan, da ya fito kuma a kunnen Auta ya sauka. Na kama hannunta na ce ta faɗa mini yadda ta faɗe shi, daidai yadda ta faɗe shi, inda ta ja da inda ta sauke. Ta share hawaye, ta gyara murya, ta gwada. Na ce ta sake. Ta sake.

Muryar Auta ce.